Matse fayiloli ba ya ninka girman faifan kwamfuta

Tun zamanin DoubleSpace, shirin matse bayanai a faifai wanda Microsoft ya saka a babbar manhajarsa ta MS-DOS 6.0 a 1993, mutane ke ɗauka cewa in an kunna matse fayiloli, faifai ya ninka, don haka ya kamata kwamfuta ta nuna sauran fili ninki biyu. Shi kansa DoubleSpace haka yake yi: yana ƙiyasta yadda bayanai za su matsu, ya nuna adadin kamar tabbas ne. Kirdado ne kawai.

Matsalar ita ce tsarin ajiye fayiloli bai san me za ka zuba gobe ba. Rubutu zalla yana matsuwa sosai. Amma hoton JPEG, bidiyon MP4 ko fayil ɗin ZIP an riga an matse su tun asali, kamar buhun da aka danna aka ɗinke baki. Sake matsawa ba ya rage komai a zo a gani. Sai ka ga an ce akwai gigabait 20, ka fara kwafe bidiyon biki, faifai ya cika a rabin hanya.

Shi ya sa, a ganina, hanyar ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli mai iya matse su, ta fi gaskiya. A ZFS, umarnin df na duba faifai yana nuna filin da ya rage a zahiri, yawan matsin da aka samu kuma a duba shi daban a wani ma'auni mai suna compressratio. A Windows ma, tsarin ajiye fayilolinsa, NTFS, yana bambanta girman fayil da abin da ya ci a faifai. Idan sauran fili ya ɗauki fiye da abin da aka nuna, riba ce. Manhajar da za ta girka kanta kuwa tana buƙatar adadin da za ta dogara da shi.