Waiwaye: me ya raba foldar truetype da ta opentype?

Duk wanda ya leƙa /usr/share/fonts a kwamfutar da ke kan Debian ko Ubuntu, nau'o'in Linux, zai tarar da foldoji masu suna truetype, opentype da type1, inda ake ajiye fayilolin salon haruffa, wato fonts. Sunayen nan sun samo asali ne daga tsohuwar gasar kamfanoni.

Adobe ne ya fara da Type 1 a tsakiyar shekarun 1980, tare da PostScript, harshensa na tura shafi zuwa na'urar bugawa, ya kuma riƙe sirrin tsarin yana karɓar kuɗin lasisi. Apple ya gaji da biya, ya fito da TrueType a 1991, Microsoft ya saka shi cikin Windows 3.1 a 1992. Sai a 1996 Microsoft da Adobe suka sasanta a kan OpenType, wanda ya shiga ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO a 2007.

Daga nan ruɗanin ya faro. OpenType tamkar kwano ne mai ɗaukar abinci iri biyu: ko zanen haruffa irin na TrueType, ko irin na PostScript da ake kira CFF. An saba sa wa na farko .ttf, na biyu .otf, amma dukansu OpenType ne. Ɗauki DejaVu, salon da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ namu na Hausa. Fayilolinsa .ttf ne, Debian na ajiye su ƙarƙashin truetype, alhali akwai jadawalolin OpenType a cikinsu. To ina ya kamata mai haɗa kunshi, wato mai shirya fayilolin don a girka su a kwamfuta, ya kai su?

Kowane nau'in Linux da nasa. Arch na amfani da foldoji masu suna TTF da OTF, Fedora kuwa tana ba kowane salo foldarsa da sunansa. Debian ma ta bar sunayen kunshi masu farawa da ttf- ta koma fonts-, amma foldojin ba su canza ba.

A da rarrabewar tana da dalili, domin tsohuwar uwar garken X11, manhajar da ke zana rubutu da tagogi a allo, sai an nuna mata kowace folda da fayil ɗinta na fonts.dir. Tun da fontconfig na Keith Packard, mai nemo wa manhajoji salon haruffa, ya zo a farkon shekarun 2000, shi ke bin foldojin ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe fayil ta hanyar FreeType, manhajar karanta fayilolin salo, ya gane irinsa daga cikinsa, ba ruwansa da sunan folda.

Shi ya sa nake ganin hanyar Fedora ta fi dacewa. Mai neman salon da zai rubuta "ƙasa" ba tare da akwatin banza ya fito masa a madadin ƙ ba, sunan salon yake nema. Foldar type1 kuwa tana nan har yau, duk da cewa Adobe da kansa ya daina tallafa wa tsarin tun Janairun 2023.