Takaddamar Wi-Fi Kyauta a Filayen Jiragen Sama

Takaddamar Wi-Fi kyauta a filayen jiragen sama saɓani ne da ya riƙa tasowa tun farkon shekarun 2000 tsakanin hukumomin filayen jirage, kamfanonin jirage, kamfanonin sadarwa da gwamnatoci, a kan wanda ke da ikon ba fasinja intanet mara igiya, da kuɗi ko kyauta, da kuma sharuɗɗan da za a gindaya masa. Sau da yawa, ɓangaren da ke son taƙaita hidimar da hujjar tsaro yake fakewa. Sai dai hujjojin iri uku ne da ba su haɗa hanya ba: tsoron kada sigina ya shiga na'urorin filin jirgi, buƙatar jami'an tsaro su san wanda ya yi amfani da layi, da kare fasinja daga masu kutse. An yi shari'a a kan hujja ta farko, kuma ita ce ta fi rauni idan aka auna ta da ilimin rediyo.

Asali

An fitar da ƙa'idar 802.11, wadda Wi-Fi ya ginu a kanta, a shekarar 1997, sannan 802.11b ta biyo baya a 1999 da gudun megabit 11 a daƙiƙa. Filayen jirage na cikin wuraren da aka fara sayar da hidimar, domin matafiyin kasuwanci yana da kwamfuta a jaka, yana da zaman jira, yana kuma da abin biya. Kamfanin MobileStar ya kafa na'urori a zaurukan hutawa na American Airlines wajen ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Boingo kuma aka kafa shi a 2001. Tsarin da ya yaɗu shi ne hukumar filin jirgi ta ba kamfani ɗaya kwangilar duk ginin, fasinja ya biya na awa ko na yini, a raba kuɗin. Duk wanda ya kunna nasa layin kyauta a cikin ginin, to ya taɓa wannan rabon.

Shari'ar filin jirgin Logan

Rigimar da ta fi shahara ita ce ta filin jirgin Logan a birnin Boston na Amurka. Hukumar Massport, mai kula da filin, ta kafa Wi-Fi na bai ɗaya tana karɓar dala 7.95 a yini. Kamfanin jirage na Continental kuwa tun 2004 yana ba fasinjojinsa intanet kyauta a zaurensa na manyan baƙi, ma'aikatansa ma suna aiki da shi. A tsakiyar 2005 Massport ta rubuta wa kamfanin cewa ya cire eriyarsa, tana cewa ta saɓa wa yarjejeniyar haya kuma tana iya yin katsalandan ga sadarwar jami'an tsaro, ciki har da 'yan sandan jiha da hukumar binciken fasinjoji ta TSA. Ta ce idan yana son intanet a zauren, sai ya biya ya hau kan layinta.

Continental bai cire ba. A watan Yuli na 2005 ya kai ƙorafi gaban FCC, hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, ya kafa hujja da wata ƙa'ida ta 1996 da aka yi tun asali don kada a hana mutum, a gidansa, kafa kwanon tauraron ɗan'adam. Daga baya an faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da ƙananan eriyoyin intanet, muddin faɗinsu bai wuce mita ɗaya ba kuma suna cikin wurin da ɗan haya ke da iko da shi shi kaɗai.

A ranar 1 ga Nuwamba 2006 FCC ta fitar da hukunci, ta ba Continental gaskiya. Dalilanta sun zama abin dogaro a rigingimun da suka biyo baya. Ta ce zauren wuri ne da kamfanin ya kama haya, don haka ƙa'idar ta hau kansa. Ta ce Wi-Fi yana aiki ne a zangon rediyo da ba a neman lasisi, kuma duk wanda ya zaɓi wannan zango ba shi da haƙƙin a kore masa wasu, ko da hukuma ce. Game da tsaro, ta ce Massport ba ta kawo takamaiman haɗari ba, kuma batun katsalandan tsakanin na'urorin rediyo hurumin FCC ne, ba na mai gini ba. Ta kuma ƙi yarda a tilasta wa kamfanin hawa layin Massport tunda hakan zai fi masa tsada. Masu sharhi da yawa a lokacin sun ɗauki rigimar a matsayin ta kuɗin shiga da aka yafa wa rigar tsaro, kuma abin da ya faru daga baya bai ƙaryata su ba: a ƙarshen 2009 Google ya ɗauki nauyin Wi-Fi kyauta a filayen jirage 47 na Amurka na tsawon hutun ƙarshen shekara, kuma a 2010 Logan da kansa ya daina karɓar kuɗi.

Makamancin wannan ya sake faruwa a 2014, wannan karon a otal. FCC ta ci kamfanin Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe layukan Wi-Fi da baƙi ke kunnawa daga na'urorinsu a wani babban zauren taro a Nashville. Nan ma kamfanin cewa ya yi yana kare baƙi ne daga layukan bogi.

Gaskiyar batun katsalandan

Wi-Fi yana aiki a zangon gigahaz 2.4 da 5, sababbin na'urori kuma har da 6. Maganar matuƙin jirgi da hasumiya tana tsakanin megahaz 118 zuwa 137, na'urar da ke daidaita jirgi da tsakiyar titin sauka tana tsakanin 108 zuwa 112, ma'aunin tsayin jirgi daga ƙasa kuma yana tsakanin gigahaz 4.2 zuwa 4.4. Ba ɗaya daga cikinsu da ke zango ɗaya da Wi-Fi, kuma ƙarfin rautar cikin gini, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, bai kai wat ɗaya ba a mafi yawan lokuta.

Akwai dai wurin da aka tabbatar da matsala. Wasu na'urorin hangen yanayi na filayen jirage, wato rada masu gano guguwa da juyin iska, suna aiki tsakanin gigahaz 5.6 zuwa 5.65, cikin zangon da Wi-Fi ma ke shiga. Wajen 2009 hukumar jiragen sama ta Amurka ta gano katsalandan a irin waɗannan na'urori, har da ta San Juan a Puerto Rico, kuma bincike ya nuna manyan eriyoyin waje ne na masu sayar da intanet, waɗanda aka ɗora a saman gine-gine, wasunsu an kashe musu tsarin kauce wa rada. Wannan tsari yakan saurari tasha na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ya hau, idan kuma ya ji rada sai ya bar tashar na minti 30. Rautar da ke zauren fasinja ba ta cikin wannan laifi.

Abin da ke faruwa kullum a cikin gini shi ne cunkoso. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Idan kowane shago, kowane banki da kowane kamfanin jirgi ya kunna tasa rautar a kan tashar da ya ga dama, ga kuma ɗaruruwan fasinjoji sun kunna rabon data daga wayoyinsu, sai abin ya zama kamar kasuwar Mile 12 ta Legas da hantsi, kowa na ɗaga murya ba mai jin wani. Na'urar karanta lambar kaya da ke hannun ma'aikaci sai ta riƙa yankewa. Maganin da injiniyoyi ke bi shi ne raba tashoshi tsakanin 'yan haya, rage ƙarfin kowace na'ura, mayar da fasinjoji zangon 5, da kuma ɗora muhimman ayyuka kamar kyamarorin tsaro a kan igiya ko a zango mai lasisi.

Sanin mai amfani da layi

Hujja ta biyu ta fito ne daga gwamnatoci, kuma ta fi ta farko nauyi. Bayan harin bama-bamai na Landan a Yuli 2005, Italiya ta yi dokar da ake kira da sunan ministan cikin gida Pisanu, wadda ta wajabta wa duk mai ba jama'a intanet ya karɓi katin shaida ya ajiye kwafi. Dokar ta daƙile yaɗuwar Wi-Fi a ƙasar har aka janye wannan sharaɗi daga farkon 2011. A Indiya, an aika saƙon ɗaukar alhakin harin Ahmedabad na 26 ga Yuli 2008 ta wani layin Wi-Fi na gida da ba a kulle ba a Navi Mumbai, sai ma'aikatar sadarwa ta ba da umarni a 2009 cewa dole a tantance kowane mai amfani. Daga nan ne tsarin aika lambar sirri ta saƙon waya ya kafu a filayen jiragen ƙasar. Rasha ta kawo irin wannan sharaɗi a 2014. A manyan filayen jiragen Sin, wanda ba shi da layin wayar ƙasar yakan sa fasfonsa a wata na'ura ta fitar masa da takarda mai lamba, abin da 'yan kasuwar da ke zuwa Guwanju sarin kaya suka saba da shi.

Masu suka suna cewa mai mugun nufi zai iya amfani da layin wani, baƙo mai gaskiya kuma shi ke shan wahala. Sun ƙara samun abin faɗa a Janairu 2014, lokacin da kafar CBC ta ruwaito, daga takardun sirri da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa, cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Kanada ta yi amfani da bayanan Wi-Fi na wani filin jirgin ƙasar wajen bin sawun na'urorin matafiya kwanaki bayan sun bar filin. Hukumar ta ce ba ta karya doka ba. Daga baya wayoyin iPhone da Android sun koma sauya lambar shaidar na'ura a kan kowane layi.

Haɗarin da ke kan fasinja

Layin da ba shi da kalmar sirri ba ya kulle abin da ke yawo tsakanin waya da rauta. A 2010 wata manhaja mai suna Firesheep ta nuna yadda kowa zai iya ƙwace shafin Facebook na wanda ke zaune kusa da shi. Wannan ƙofa ta kusa rufewa tunda yawancin shafuka da manhajojin banki yanzu suna kulle bayanansu da kansu, kuma a 2018 an fito da tsarin da ke kulle ko buɗaɗɗen layi, kodayake ba duk filaye suka kunna shi ba.

Abin da ya rage shi ne layin bogi. Ɗan damfara yakan shigo da ƙaramar na'ura a jaka, ya ba ta suna iri ɗaya da na filin jirgi, ya zauna kusa da jama'a don siginarsa ya fi ƙarfi. Wayar da ta taɓa hawa layi mai wannan suna sai ta hau da kanta. Shafin shiga zai fito da tambari da launi kamar na gaske, amma sai ya nemi adireshin imel da kalmar sirrinsa, ko na Facebook, ko lambar katin banki da sunan tantancewa. A 2024 'yan sandan tarayyar Ostireliya sun gurfanar da wani mutum bisa zargin yin haka a filayen jiragen Perth, Melbourne da Adelaide da kuma a cikin jirage. Shafin gaske ba ya neman kalmar sirrin imel, ba ya neman BVN, ba ya neman lambar bayan kati, ba ya kuma cewa a sauke manhaja kafin a shiga. Idan waya ta yi gargaɗin cewa takardar shaidar shafi ba ta inganta ba, fita ake yi, a goge layin daga waya, a koma data.

Najeriya da filin jirgin Legas

Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja shi ne mafi yawan zirga-zirga a Najeriya. Hukumar filayen jiragen sama ta tarayya, FAAN, ce ke tafiyar da ɓangaren ƙasa da ƙasa, wanda aka buɗe tsohon gininsa a 1979, sabon kuma a Maris 2022, yayin da kamfanin Bi-Courtney ke riƙe da tashar cikin gida ta MMA2 tun 2007. Lasisin sadarwa da rabon zangon rediyo na kasuwanci suna hannun hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003.

Takaddamar da aka sani a nan ta lasisi ce. A Yuli 2018 aka ƙaddamar da Google Station, shirin Wi-Fi kyauta na Google, a Legas tare da kamfanin 21st Century Technologies, kuma MMA2 na cikin wuraren farko. A farkon 2019 jaridu suka ruwaito cewa NCC ta kai ƙorafi ga gwamnatin tarayya tana zargin shirin da zille wa sa idonta. A Fabrairu 2020 Google ya sanar da rufe shirin a duk ƙasashen da yake, yana cewa data ta yi araha kuma shirin ba ya ɗaukar nauyin kansa.

Dokoki biyu suna jan mai ba da Wi-Fi ta ɓangarori daban-daban. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu ba da hidima ajiye bayanan zirga-zirga da na masu amfani har shekara biyu, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta hana karɓar abin da ya wuce buƙata ko amfani da shi don talla ba da yardar mai shi ba. Tunda aka umarci haɗa kowane layi da lambar NIN a Disamba 2020, lambar waya ta zama katin shaida, don haka duk shafin shiga da ya nemi lamba ya san mutumin da ke bayanta.

A aikace, fasinjan Kano ko Sakkwato da ya taso daga Agege ko Idi-Araba bai cika damuwa da Wi-Fi ba, datarsa na aiki har ƙofar jirgi. Masu buƙatarsa su ne waɗanda suka sauka daga waje: mai dawowa daga Umra da ya cire layinsa na gida ya sa na Saudiyya, ɗan kasuwa daga Dubai, ɗalibi daga Masar, kowa na son kiran wanda zai ɗauke shi ta WhatsApp kafin kaya su fito. Idan shafin shiga ya dogara da saƙon waya kuma layin waje ba ya karɓar saƙo a Najeriya, lambar ba za ta zo ba. Filayen da suka gyara wannan suna buɗe ɗan taƙaitaccen lokaci ba tare da lamba ba, ko su ba da takardar shiga a teburin tambaya ga wanda ya nuna tikitinsa. Inda babu ko ɗaya, matafiyi yakan roƙi na kusa da shi ya kunna masa rabon data na minti biyu, ko ya nemi aron waya wurin 'yan canji a bakin fita.