Cakulan da Amfaninsa ga Lafiya

Cakulan, wasu kuma su ce cakuleti, abin ci ne da ake sarrafawa daga ƙwayar koko bayan an tsima ta, an shanya, an soya, an niƙa, sannan a zuba sukari, wani lokaci har da madara. Kokon da ake nufi a nan ba kokon gero ba ne da ake sha da ƙosai da safe, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan ɗan wata bishiya ce ta ƙasar kurmi, wadda masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa wa suna Theobroma cacao a shekarar 1753. An daɗe ana yayata cewa cakulan yana gyara zuciya, yana sauke hawan jini, yana wartsake ƙwaƙwalwa. Maganar tana da tushe, sai dai amfanin a cikin ɗacin koko yake, ba a zaƙin da aka lulluɓe shi da shi ba, kuma akasarin abin da ke isowa tiredar ƙauye a Kano da Jigawa zaƙin ne.

Bishiyar da danginta

Manomin Ringim ko na Gaya bai taɓa shuka koko ba, amma ya san 'yan'uwansa sarai. A rabe-raben masana tsirrai, koko gida ɗaya yake da goro, da kuka, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da lalo, da auduga. Goro ne ya fi kama da shi a hali: dukansu suna da ɗaci da bauri, dukansu kuma suna ɗauke da sinadaran kafeyin da tiyoburomin masu wartsake jiki. Bishiyar tana son inuwa da laima da ruwan sama mai yawa, milimita 1,500 ko fiye a shekara, don haka ba ta rayuwa a inda damina wata huɗu ce sauran duk rani. 'Ya'yanta a jikin kututture da manyan rassa suke fitowa, kowanne kamar ƙaramar gwanda, a ciki kuma akwai ƙwaya 30 zuwa 40 kwance cikin farar tsoka mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami.

Asalinta dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma an gano alamun amfani da ita a ƙasar Ekwado tun fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Al'ummun Maya da Aztek na yankin Meziko shan koko suke yi da ɗacinsa, su zuba barkono, har suna cinikayya da ƙwayarsa kamar yadda aka yi da wuri a ƙasar Hausa. Mutanen Sifaniya ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, a can aka riƙa zuba masa sukari. A 1828 gidan van Houten a Holan ya fito da injin matse man koko, a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya yi cakulan na farko da ake gutsura a tauna, a 1875 kuma Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara.

Yau kusan kashi biyu cikin uku na kokon duniya daga Yammacin Afirka yake fitowa. Kwaddibuwa ce kan gaba, sai Gana, Najeriya ma tana cikin manya, musamman jihohin Ondo, Kuros Riba, Osun da Ekiti. Abin da dalar gyaɗa ta zame wa Kano, shi koko ya zame wa ƙasar Yarbawa. Da kuɗinsa aka gina dogon benen Cocoa House na Ibadan da aka buɗe a 1965. 'Yan ci-ranin da suka taɓa zama a Kurmi sun sha ganin an baza ƙwayarsa a rana ana juyawa. Mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita waje, ta dawo mana a leda da tsada.

Inda amfanin yake

Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. A ɗaya rabin ne ake samun wasu sinadarai da ake kira filabanol, su ne suke ba ta ɗaci da bauri, kuma a kansu aka gina kusan duk maganar lafiya. Idan suka shiga jini, sukan sa bangon jijiyoyi ya ƙara fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid, wanda ke sa jijiya ta saki ta ɗan buɗe. Jijiya in ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi, matsinsa ya ragu.

Matsalar ita ce kowane mataki na sarrafawa yana cinye wani kaso na filabanol. Tsimawar da ake yi ta kwana 5 zuwa 7 a ƙarƙashin ganyen ayaba tana rage shi, suya tana rage shi, sannan akwai wani wanki da ake yi wa garin koko da sinadari mai kama da kanwa don ya yi duhu ya daina ɗaci, wanda shi ya fi kowanne ɓarna. Wato abin da masana'anta ke yi don ya yi daɗi a baki, shi ne yake zubar da abin da jiki ke amfana da shi.

Cakulan iri uku aka fi sani. Baƙin cakulan shi ne mai koko da yawa, akan rubuta kashi 70 ko 85 cikin 100 a jikin takardarsa, kuma wanda bai saba ba zai yamutsa fuska in ya ɗanɗana. Mai madara kusan rabin nauyinsa sukari ne. Farin kuwa man koko ne kawai da madara da sukari, babu garin koko a ciki, saboda haka ba ya cikin wannan zance.

Abin da bincike ya nuna

Hankalin likitoci ya karkata ga koko ne sosai bayan da Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard ya lura da mutanen Kuna mazauna tsibiran Panama. Suna shan koko kofi da yawa a kullum, kuma hawan jini bai cika kama su ba ko da sun tsufa, alhali danginsu da suka koma birni suna kamuwa. Sai dai wanda ya koma birni ba koko kaɗai ya bari ba, ya sauya abinci da aiki da yanayin zama, don haka aka shiga gwaje-gwaje na asibiti.

A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani da auna su, ta haɗa sakamakon gwaji da dama ta ga koko mai filabanol yana sauke hawan jini da kusan maki 2. Mai 150 ya dawo 148 ke nan. Raguwa ce ta gaskiya, amma ƙarama ce, ba ta kusa da abin da ƙwayar asibiti ko rage gishiri da dunƙulen miya ke yi ba. Tun kafin nan, a 2012, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a rubuta cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa jijiyoyin jini su riƙe laushinsu, adadin da za a samu a giram 10 na baƙin cakulan mai filabanol da yawa, ko giram 2.5 na irin wannan garin koko.

Gwaji mafi girma shi ne wanda ake kira COSMOS a Amurka, da aka fitar da sakamakonsa a 2022. An bi dattawa 21,442 sama da shekara uku da rabi, an ba rabinsu ƙwaya mai miligiram 500 na filabanol kullum, sauran kuma ƙwaya marar komai. Jimillar cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba ta ragu yadda za a kafa hujja da ita ba, amma mace-mace ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100 a wajen masu shan filabanol. Abu biyu ya kamata a riƙe: ƙwaya aka ba su, ba cakulan ba, kuma kamfanin Mars mai sayar da cakulan yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a ambaci wannan amfani a jikin garin koko mai filabanol da yawa, da sharaɗin a bayyana cewa hujjar ƙalilan ce ƙwarai.

Game da ciwon sukari, wani nazari na Harvard da ya fito a ƙarshen 2024 ya ga masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako sun fi sauran ƙarancin kamuwa da kashi 21 cikin 100, masu cin mai madara kuwa ƙiba suka ƙara. Irin wannan nazari lura ce da yadda mutane ke ci, ba ya tabbatar da cewa cakulan ne sanadi.

Baƙin cakulan yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wajen miligiram 12 a giram 100, da magniziyam da harza mai taimakon hanji. Amma wannan giram 100 ɗin yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kusan 600, fiye da rubu'in abin da babban mutum ke buƙata a yini. Mace mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa, hanta da wake da zogale da ƙwayar da ake bayarwa a wajen awo sun fi mata araha da amfani nesa ba kusa ba.

Cakulan a ƙauye

Yaro ya taso daga makarantar allo da 'yan canjinsa a dunƙule a hannu, ya tsaya gaban mai tireda: "Baba, a ba ni cakulan." Abin da za a ciro masa daga gwangwani ko robar da aka saro daga Kasuwar Singa, yawanci alawa ce mai ruwan ƙasa, ko biskit da aka shafa wa wani abu a sama. Akwai dalilin haka. Man koko na asali yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 34 ba, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. A watan Afrilu a Haɗeja ko Gumel zafi kan haura digiri 40, rumfar kwano kuwa ta fi haka, ga rashin wuta balle firji. Don kaya su jure hanya da rana, masana'antu kan maye gurbin man koko da man kwakwar manja ko wani mai da aka daskarar, su zuba ɗan garin koko saboda launi da ƙamshi. Ba haramun ba ne, ba kuma guba ba ne, amma duk binciken da aka ambata a sama bai shafe shi ba.

Hanya ta biyu da koko ke shiga cikin mutanen karkara ita ce teburin mai shayi. "Haɗin kauri, ranka ya daɗe?" Sai a kamfaci garin Bournvita ko Milo, a tsiyaya madarar gwangwani, a jefa sukari uku ko huɗu. Irin wannan gari haɗi ne na tsiron hatsi da madara da sukari da koko, wasu an ƙara musu bitamin. Yana ba da ƙarfi ga wanda zai wuni a gona ko a kan babur, amma dattijon da ke fama da ciwon sukari ko hawan jini, in ya ji a rediyo an ce koko magani ne ya ninka haɗin kaurinsa, ya cuci kansa. Ana ganin masu daina shan ƙwayar asibiti da zarar sun ji labarin wani abinci mai sauke jini, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake zubawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wajen giram 50 ke nan ga babba, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Cakulan mai madara guda ɗaya na giram 50 ya cinye wannan 25 ɗin shi kaɗai, kusan ƙaramin cokali shida. Ga yara kuwa, abin da ya fi bayyana shi ne ruɓewar haƙori, musamman mai danƙo da ke maƙalewa a kwana da shi ba a yi asuwaki ba.

Takardar da ke jikin kaya takan faɗi gaskiya ga mai iya karantawa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in sukari ne a farko, sukari aka saya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kalmar "cocoa liquor" da kan tayar wa mutane hankali ba giya ba ce, niƙaƙƙen koko ne zalla. Amma akwai wasu na ƙasashen waje da ake ɗura wa giya ta gaske a ciki, kuma akan rubuta, don haka tsarabar da ta fito daga Turai tana son a duba. Wanda ke neman amfanin koko da gaske, garin koko zalla marar sukari ya fi masa sauƙi: ƙaramin cokali ɗaya a kunun gyaɗa ko a madara mai ɗumi, kuma ba ya narkewa a rumfa.

Masu yin hattara

Giram 100 na baƙin cakulan yana da kafeyin kusan miligiram 80, don haka mai fama da rashin barci ko bugun zuciya ya guje shi da dare, kamar yadda zai guji goro. Yana tayar wa wasu da ƙwannafi. Mai tsakuwar ƙoda ma ya rage, saboda koko yana da sinadarin da ke taimaka wa tsakuwar haɗuwa. Tiyoburomin kuwa, wanda jikin mutum ke narkarwa ba wahala, guba ne ga kare da kyanwa, kuma yana cutar da doki da kaji in ya yi yawa, don haka kada a zuba musu ragowarsa ko wanda ya lalace.

Cakulan na asali da ya narke ya sake daskarewa yakan yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa masa toka. Man ne ya taso, ba ruɓewa ya yi ba, ana iya ci. Inda babu firji, akan ƙulle shi a leda a sa a kwano mai murfi, a ajiye a gindin randa.