Ingancin sauti wajen sauraron waƙa ta intanet a gida

Sauraron waƙa kai-tsaye ta intanet shi ne a kunna waƙa daga rumbun wani kamfani ba tare da an sauke ta gaba ɗaya ba, sautin yana shigowa gutsure-gutsure ana ji. A yawancin gidajen Katsina da Daura wayar hannu ce ke ɗauko waƙar, ta miƙa wa sifikar Bluetooth ko babban rediyon falo da ake kira hom-tiyata. Idan sautin ya fito a dushe, mutane sukan ɗora wa sifika laifi su tafi kasuwa neman babba. Sau da yawa matsalar tana wani wurin: a fayil ɗin waƙar, a hanyar da ya bi zuwa sifika, a ginin ɗakin, ko a wutar lantarki.

Fayil ɗin waƙar

Ma'aunin da ake kwatanta komai da shi shi ne faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982. Yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, yana kuma zubo kilobit (ma'aunin yawan data) 1,411 a kowace daƙiƙa. Wannan ya yi wa intanet ɗin farko nauyi, shi ya sa tsarin MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta ja gaba wajen ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, ya samu karɓuwa. MP3 yana matse fayil ta hanyar zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba. A kilobit 320 da wuya mai sauraro ya gane an cire wani abu. Idan aka sauko zuwa 96 ko ƙasa, tafi da ƙarar akayau ne ke fara dagulewa, sannan kaifin kalangu ya bi baya.

Cikin manhajojin sauraron waƙa, Boomplay ya fara aiki a Najeriya a 2015, Spotify kuma ya shigo a Fabrairun 2021. A manhajar Spotify akwai matakai na kilobit 24 da 96 da 160, sai na 320 ga masu biyan kuɗin wata. Idan aka bar manhaja ta zaɓa da kanta, takan rage inganci da zarar sabis ya yi rauni, kuma ba ta sanar da kowa. Apple Music ya ƙara tsarin da ba ya zubar da komai daga sautin a 2021, irin aikin da tsarin fayil na FLAC ke yi tun 2001. Kuɗin data ne ke raba gardama: awa ɗaya a kilobit 96 na cin kusan megabait 43, a 320 kuma 144, na ingancin CD ya ninka wannan sau biyu ko fiye. Dabarar da ta fi dacewa da aljihun yawancin mutane ita ce a sauke waƙoƙin da aka fi so a mataki mafi girma lokacin da aka samu Wi-Fi ko datar dare.

Abin da aka zubar ba ya dawowa, kamar dusar da ta fita a surfe. Waƙar da aka karɓo wajen masu tura waƙa a memori, wadda ta bi wayoyi da dama ana sake matse ta, ba ta gyaruwa don an mayar da ita 320. Haka ma tsofaffin waƙoƙi. Da yawa daga abin da ke intanet na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, daga kaset aka kwafo shi, da shuuu ɗin kaset ɗin da komai. A nan neman kwafin da aka ɗauko da kulawa ya fi sayen kowace na'ura amfani, kuma abin takaici ne yadda kwafi masu kyau na makaɗanmu suka yi ƙaranci.

Daga waya zuwa sifika

Bluetooth yana sake matse sautin kafin ya tura shi. Tsarin SBC, wanda kowace sifikar Bluetooth ke ganewa, yana kaiwa wajen kilobit 328. AptX na Qualcomm 352. LDAC na Sony har 990. Sai wayar da sifikar duka sun san tsari ɗaya yake aiki, in ba haka ba su koma SBC. Saboda haka kunna waƙa mai ingancin CD ta sifikar SBC asarar data ce. Kebul mai kan milimita 3.5 ba ya matse komai, ga arha. Wayoyin da ba su da wannan ramin suna buƙatar ɗan mahaɗi na USB-C mai na'urar juya lambobi zuwa sauti a cikinsa. Masu Wi-Fi a gida suna iya amfani da Spotify Connect ko Chromecast, inda sifikar ke ɗauko waƙar da kanta, kira ko saƙo ba ya katse ta.

Ɗakin da ake sauraro

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali gyaransa ya fi sauƙi. Falon zamani mai bangon siminti da tayil a ƙasa da silin na POP yana mayar da sauti ta ko'ina, amsa-kuwwa ta hau kan muryar mawaƙi har kalmomi su cakuɗe. A waƙar Hausa, wadda daɗinta ke cikin baiti da amshi, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Ana gwadawa da tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki: in an ji ƙara ta yi wutsiya, ɗakin na buƙatar abubuwa masu laushi. Kafet ko darduma mai kauri tsakanin sifika da wurin zama, labule mai nauyi a taga, kujerun kushin da tum-tum, duk suna shanye amsa-kuwwa.

Sifikoki biyu na gaba ana ajiye su daidai tsayin kunnen mai zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da nisan kowace daga mai sauraro. Masu zama a ƙasa su sauko da su, kada a rataye su can kusa da silin. Wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, idan aka cusa ta a lungu tana ƙara rugugi, amma rugugi ne mai haɗiye murya. A jawo ta daga bango kaɗan. A kuma duba igiyoyin bayan sifika, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. In aka juya na sifika ɗaya, sai su riƙa soke wa juna kauri, sautin ya fito siriri.

Lambobin dubban wat da ake bugawa a kwali da alamar PMPO talla ce kawai. Lambar wat mai alamar RMS ce ke nuna ƙarfin gaskiya.

Wuta, ƙura da zafi

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, kuma kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta a Katsina da Kano da Jigawa. Gurnanin da ake ji a sifika ko ba waƙa yawanci na wannan bugun ne. Yakan shigo ta cajar waya mai arha idan ana caji ana kunna waƙa ta kebul. Cire cajar ya isa gwaji. Ƙaramin janareta da inbata marar tsabtataccen bugu suna sa amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, zizar ƙara da zafi. Sitabilaiza na kare na'ura daga hawa da saukar wuta, ko da yake ba ta gyara sautin kanta. Kada a haɗa kayan sauti a soket ɗaya da firiji.

Da hunturu ƙura tana shiga ramin kebul da maɓallin ƙara murya, sai a riƙa jin ƙarar-ƙarar idan an murɗa. Rufe kayan da ƙyalle bayan an kashe yana rage wannan. Da bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, amfilifaya na buƙatar sarari a sama da gefe, ba cikin rufaffen kabad ba.

Ƙure murya har ƙarshe yana sa sautin ya fashe, kuma shi ne ke yawan ƙona ƙananan sifikoki masu fitar da siririn sauti. Kunne ma yana da iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa babban mutum desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 80 na awa 40 a mako, yara kuma desibel 75.