Ruwan na'urar sanyaya ɗaki

Ruwan na'urar sanyaya ɗaki, wanda ake yawan kira ruwan esi ko ruwan iyakwandishan, shi ne ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar yayin da take aiki. Ba zuba mata shi ake yi ba. Laimar da ke cikin iskar ɗakin ce take taruwa, kamar yadda raɓa ke sauka a kan ciyawa da asuba, ko yadda kofin ruwan ƙanƙara ke zufa.

Yadda yake samuwa

A cikin akwatin da ke manne da bango akwai naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe mai siraran faifan alminiyam, wanda iskar gas ke sanyayawa. Fanka na jawo iskar ɗaki ta ratsa shi. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa a kowace kubik mita (wato sarari mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya), amma a digiri 10 ba ta riƙe fiye da giram 9 da ɗoriya. Rarar ce ke kwanciya a jikin ƙarfen, ta gangara cikin tire, ta bi fayif zuwa waje.

Yawan ruwan ya danganta da laimar gari. A Kano ko Damagaram na'ura takan wuni tana aiki da hunturu ƙasan bututunta a bushe, amma a watan Agusta ta cika bokiti. A Legas kusan ɗigar ba ta yankewa duk shekara.

Tarihi

Tun asali saboda wannan ruwa aka ƙera na'urar, sanyin kuwa riba ce da ta biyo baya. A shekarar 1902 wata maɗaba'a mai suna Sackett-Wilhelms da ke Brooklyn a birnin New York ta Amurka tana fama da laimar damina. Takarda na kumbura tana motsewa, launukan da ake bugawa ɗaya bayan ɗaya ba sa hawa daidai. Aka ɗora wa wani matashin injiniya, Willis Carrier, aikin nemo mafita. Zanen da ya yi yana ɗauke da kwanan watan 17 ga Yuli na shekarar, kuma dabararsa ita ce ratsa iska ta kan bututai masu ruwan sanyi don ta zubar da laimarta.

Ana ba da labarin cewa hazon da ya gani a tashar jirgin ƙasa ta Pittsburgh, wajen ƙarshen 1902, shi ya nuna masa cewa za a iya busar da iska ta hanyar ratsa ta cikin feshin ruwa mai sanyi. Ya samu takardar mallakar fasahar a farkon 1906, sannan a 1911 ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka lissafin dangantakar zafi da laima, wanda har yau ake aiki da tushensa. Sunan Turancin da Hausa ta mayar iyakwandishan kuwa ba na Carrier ba ne. Stuart Cramer ne ya fara amfani da shi a 1906, injiniyan masaƙu a jihar Karolina ta Arewa, wanda shi ƙara wa iska laima yake so don kada zaren auduga ya riƙa tsinkewa.

Na'urar taga ta bayyana a farkon shekarun 1930, amma ba ta yaɗu a gidaje ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikin irinta suna da zobe a jikin fankar baya, wanda ke kwasar ruwan ya watsa wa ɓangaren da ke fitar da zafi, ruwan ya ƙafe, na'urar ta ɗan huta. Mai gida biyu, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje, wadda ta fi yawa yanzu, kamfanonin Japan ne suka yaɗa ta tun wajen shekarun 1960, kuma ita dole a ja mata fayif ta cikin bango.

Zubar ruwa a cikin ɗaki

Galibi toshewar fayif ce ke jawo shi: ƙura da gansakuka da yauƙi, wani lokaci har gidan zanzaro a bakin bututun. Kafa akwatin a karkace, ko jan fayif ba tare da gangara ba, su ma suna sa tire ya cika ya tumbatsa. Idan matatar iska ta yi datti ko gas ya yi ƙasa, ƙanƙara takan daskare a kan ƙarfen, ta narke gaba ɗaya da zarar an ɗauke wuta. Masu gyara kan wanke matata, su zuƙe ko su hure fayif.

Amfani da dokoki

Ana ban ruwan shuke-shuke da shi, ana goge ƙasa da wanke mota. Hasumiyar Burj Khalifa ta Dubai tana tara nata don shayar da lambunan da ke kewaye da ita. Ba a shan sa, domin yana kwaso ƙura da ƙwayoyin cuta da ɓurɓushin ƙarfe. An saɓa a kan zuba shi a batir da dutsen guga: ba shi da gishirin ruwan rijiya, amma bai kai tataccen ruwa tsabta ba.

Inda ya kwanta, sauro na hayayyafa. A Hong Kong barin na'ura tana ɗiga wa maƙwabta ko masu wucewa laifi ne da ake iya cin tara a kansa.