Tsakanin bulala da buroshin fenti: yadda kotuna suka bi da masu ɓata bango

Rubutu a bango ya girmi dokokin da ke hana shi. A kangon birnin Pompeii na Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau ana karanta sunaye da zage-zage da kalaman soyayya da mutane suka karce a jikin gidaje. Abin da ya mayar da shi ciwon kan kotuna a wannan zamani shi ne fentin feshi na gwangwani. Ba shi da tsada, ba shi da wuyar ɓoyewa, kuma cikin minti guda mutum zai ɓata bangon da gyaransa zai ci yini.

A New York abin ya fi ƙamari. A 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani matashi mai rubuta TAKI 183 duk inda ya bi, sai sa'o'insa suka yi ta kwaikwayonsa. Magajin gari John Lindsay ya ƙaddamar da yaƙi da abin a 1972, aka yi ta kame da cin tara, amma taragun jiragen ƙarƙashin ƙasa suka ci gaba da cika da fenti. Sauyi bai zo ba sai 1984, lokacin da David Gunn ya karɓi ragamar hukumar sufurin birnin ya kafa ƙa'ida ɗaya: taragon da aka wanke, idan aka sake ɓata shi, ba zai fita aiki ba sai an goge, ko da fasinjoji na jira. Mai feshi yana so ne a ga sunansa yana ratsa gari, to an hana shi wannan. A watan Mayun 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai ɗauke da fenti. Wasu suka koma karce gilashi ko ƙona shi da asid, wanda sau da yawa maganinsa sai a canja gilashin.

A fagen doka, tambayar da ta daɗe tana wahalar da alƙalai ita ce ko fenti ɓarna ne, tunda bangon yana nan tsaye. A Jamus, kafin 2005, sai mai gabatar da ƙara ya nuna jikin ginin kansa ya taɓu, abin da kan buƙaci rahoton ƙwararre mai tsada. Gyaran da aka yi wa sashe na 303 na dokar laifuka a wannan shekarar ya sa canja kamannin kayan wani ba da izininsa ba ya wadatar, muddin canjin ba ƙanƙane ba ne kuma ba mai gushewa da wuri ba. A Ingila dokar 1971 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10, amma idan ɓarnar ba ta wuce fam 5,000 ba, yawanci ƙaramar kotu ce ke ji, kuma ɗaurin ba ya wuce wata 3. A California iyakar dala 400 ce: daga nan zuwa sama ana iya tuhumar mutum da babban laifi. Shi ya sa takardar ƙiyasin kuɗin gyara ta kan zama abin da lauyoyi suka fi ja-in-ja a kansa.

Singafo ta ɗauki hanya mafi tsanani. Dokarta ta 1966 ta haɗa tara ko ɗauri da bulala 3 zuwa 8, sai dai ana ɗauke bulalar ga mai laifin farko idan da abu mai goguwa ya yi rubutun, kamar alli. A 1994 aka yanke wa Ba'amurke Michael Fay ɗaurin wata 4 da tara da bulala 6, aka rage zuwa 4 bayan Shugaba Bill Clinton ya sa baki.

Hukuncin yi wa al'umma aiki kyauta ta wata ƙofar ya shigo. A 1966 kotunan gundumar Alameda ta California suka fara ba da shi ga waɗanda suka karya dokar hanya ba su da kuɗin tara. Ingila ta sa shi a doka a 1972 da awa 40 zuwa 240, dokar 2003 ta ɗaga shi zuwa 300, a kammala cikin wata 12. Faransa ta bi sahu a 1983, da sharaɗin sai mai laifin ya amince. Hukuncin ya dace da wannan laifi ƙwarai, don mafi yawan masu yinsa matasa ne marasa kuɗi: tara kan faɗa kan iyaye, kurkuku kuma ta fi gyaran bangon tsada, ga haɗa yaro da manyan masu laifi. Philadelphia ta Amurka ta ƙara wani mataki a 1984, ta ja masu feshin cikin aikin zanen bango da izini.

Sai dai rubuta awa 100 a takarda abu ne mai sauƙi, aiwatarwa ce aiki. Mai zuwa sau ɗaya a mako yana yin awa 7 zai haura mako 14, kuma kowace rana sai da mai sa ido, da motar kai su, da safar hannu, tabarau da takunkumi, da izinin mai ginin. Idan ɗaya ya ɓace, awannin su taru ba a yi ba. A Ingila wanda ya ƙi zuwa babu uzuri ana yi masa gargaɗi sau ɗaya, na biyu a mayar da shi kotu, inda za a iya ƙara masa awanni, a ci shi tara, ko a sake yanke masa hukunci.

Gogewar kanta sana'a ce, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Ƙarfe da gilashi ba sa shan fenti, sinadarin narkarwa da tsumma sun isa. Bulo da siminti da dutse mai laushi kuwa suna tsotse shi. Idan aka zuba tina, wato ruwan narkar da fenti, kai tsaye, fentin ya narke ya ƙara nutsewa, ya bar inuwar rubutun. Idan aka sa injin feshin ruwa da ƙarfi fiye da kima, ya cinye fuskar dutsen, rubutun ya fito a sassaƙe. Daidai shi ne a gwada a ɗan lungu tukuna, a shafa sinadari mai kauri, a ba shi lokacin da kamfanin ya rubuta, a wanke da ruwa marar ƙarfi. Idan shafe fenti za a yi, a sa na share fage kafin na sama don kada tsohon ya ɓullo, a shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, domin faci mai launi daban gayyata ce ga mai feshi na gaba. Saboda haka gine-ginen tarihi ba wurin koyon hannu ba ne, aikin ƙwararru ne.

Aikin kuma ba ya goge bashin diyya. Kotun laifi na iya umartar a biya kuɗin gyara, mai ginin ma na iya shigar da tasa ƙarar daban. A Jamus, idan kotu ta tabbatar da irin wannan bashi, ana iya bin mutum shi har shekara 30.