Karkaɗa

Karkaɗa kalma ce ta aikatau a Hausa da ake nufin motsa abu kaɗan-kaɗan, ya je can ya dawo nan, da sauri kuma ba sau ɗaya ba. Misalin da kowa ya sani shi ne kare in ya hango mai gidansa ya fara karkaɗa wutsiya, wasu su ce bindi ko jela. Motsin dai ƙarami ne, abin ba ya barin inda yake, gefe ɗaya a riƙe yake ɗayan ne ke ta kai da komo.

Asalinta daga kaɗa ne, aka ninka gaɓar farko don a nuna maimaici, yadda buga ke zama bubbuga. To da kaɗkaɗa za a ce, amma bakin Bahaushe ba ya son ɗ a ƙarshen gaɓa sai ya mai da ita r, shi ya sa aka samu karkaɗa, kamar dai yadda fita ke komawa firfita, kashe ya koma karkashe. Akwai masu cewa kakkaɗa kuma duk daidai ne, ya danganta da garin da mutum ya tashi.

Ita uwar kalmar, wato kaɗa, gidanta da faɗi yake. Ana kaɗa miya da maburgi, ana kaɗa nono a fitar da mai, makaɗi na kaɗa ganga, tsohuwa na kaɗi da mazari, makiyayi ya kaɗa shanu, iska ta kaɗa, ranar zaɓe kuma a kaɗa ƙuri'a. In tsoro ya kama mutum sai a ce hantar cikinsa ta kaɗa, in ya ji mugun labari ya ce wallahi na kaɗu. Amma fa ba duk waɗannan ne ke karɓar ninki ba, ba za ka taɓa jin an ce an karkaɗa ƙuri'a ba sai dai in ba'a ake yi.

A maganar yau da kullum inda kalmar ta fi daɗi shi ne wajen kwatanta halin mutum. A ce wane ya harɗe a kujera yana karkaɗa ƙafa, to ba ƙafar ake nufi ba, ana nufin ba shi da wata damuwa ko kuma yana jin kansa ne, wasu na ta wahala shi ko a jikinsa. Haka saurayin da ya shigo majalisa yana karkaɗa makullin mota a yatsa, kowa ya gane saƙon tun kafin ya yi sallama, ko da kuwa motar ta aro ce. Uwa kuma ta karkaɗa wa yaro yatsa, wannan gargaɗi ne ba sai ta buɗe baki ba. Da an canza wasalin ƙarshe ma'ana ta ɗan gusa, karkaɗe na nufin a yi har abin da ke jiki ya fita duka, a karkaɗe tabarma, a karkaɗe ƙurar riga lokacin hunturu, shi ya sa mai sanarwa ke cewa jama'a ku karkaɗe kunnuwanku. Karkaɗo kuma wajen mai magana abin ke zuwa, kamar yaro ya hau bishiya ya karkaɗo mangwaro 'yan ƙasa na tsinta.

Tana da 'yan uwa da mutane ke cakuɗawa. Girgiza ta fi ta nauyi don gaba ɗayan abu ne ke motsi, shi ya sa ake cewa girgizar ƙasa, kuma girgiza kai ƙi ne ko takaici, gyaɗa kai ne amincewa, irin wanda ƙadangare ke yi. Jijjiga ita ake yi wa jariri a baya in yana kuka. Lilo a hankali yake kuma da nisa. Mutsu-mutsu na wanda ya kasa zama wuri ɗaya ne, kyarma ko makyarkyata kuma jiki ne ke yi da kansa saboda sanyi ko zazzaɓi, ba da nufi ba, alhali karkaɗa yawanci da gangan ake yi.

Matsalar rubutu a waya ita ce mutane da yawa ba sa saka ƙugiyar ɗ, sai kaɗa ta fito kada, ta haɗu da kada na hani da kuma kada na cikin ruwa wanda ake cewa daga jam'insa aka samo sunan Kaduna. A wajen Sakkwato ma auduga kaɗa ake ce mata, sai mai karatu ya duba jimlar kafin ya gane wacce ake nufi.